Firaminista ko Shugaba Mai Cikakken Iko: Daga Ina Tsarin Biyu Suka Fito, Me Kuma Suka Jawo Mana?

Duk ƙasar da ke mulkin dimokuraɗiyya sai ta amsa tambayoyi uku: wa ke yin doka, wa ke aiwatar da ita, wa kuma ke da ikon sauke mai aiwatarwar idan ya gaza tun wa'adinsa bai cika ba. Biyun farko ba su cika raba kan ƙasashe ba, kusan kowa ya yarda majalisa ke yin doka, gwamnati ta aiwatar. Ta ukun ce ta raba duniya gida biyu, kuma a kanta ne Najeriya da Nijar suka sha wahalar da har yau ba su gama fita daga cikinta ba.

A tsarin firaminista talaka ba ya zaɓen shugaban gwamnati da hannunsa. Ɗan majalisar mazaɓarsa kawai yake zaɓa. Idan an gama ƙidaya, jam'iyyar da ta fi yawan kujeru, ko gamayyar jam'iyyun da suka haɗa rinjaye, ita ke fitar da firaminista daga cikin 'yan majalisar, shi kuma ya ɗebo ministocinsa daga cikinsu. Shi da ministocin a zauren suke zama, a nan ake tsare su da tambayoyi. Ranar da rinjaye ya kuɓuce masa, ranar mulkinsa ya ƙare, ko da wata uku ya yi a kan kujera. A sama da shi akwai sarki ko shugaban ƙasa na jeka-na-yi-ka, wanda aikinsa bai wuce gayyatar mai rinjaye ya kafa gwamnati da sa hannu a kan dokoki ba.

A ɗaya tsarin kuwa zaɓe biyu ake yi, kowane da akwatinsa. Jama'a su zaɓi shugaban ƙasa, su kuma zaɓi majalisa, a yanka wa kowa wa'adinsa. Shugaba ba shi da ikon rushe majalisa, majalisa ba ta da ikon korar shugaba don kawai ba ta gamsu da aikinsa ba. Ɗan majalisar da aka ba minista sai ya bar kujerarsa.

Babu wanda ya zauna ya zana tsarin firaminista. Rigimar kuɗi tsakanin sarakunan Ingila da manyan ƙasar ce ta haife shi, a hankali, cikin ɗaruruwan shekaru. A 1215 manyan masu ƙasa suka tilasta wa Sarki John ya amince da wata yarjejeniya da ta rage masa ikon ɗora haraji yadda ya ga dama. Sarakunan da suka biyo baya sun yi ta ƙoƙarin zillewa, har abin ya kai ga yaƙin basasa, aka fille kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649. A 1689 aka rubuta a doka cewa sarki ba zai karɓi haraji ba, ba zai riƙe sojoji a lokacin zaman lafiya ba, sai da yardar majalisa. Daga nan lissafi ya canza. Tun da sarki ba ya samun kuɗi sai majalisa ta yarda, dole ya nemi ministan da majalisa ke jin maganarsa. Robert Walpole, wanda ya riƙe ragama daga 1721 zuwa 1742, shi ake ɗauka a matsayin firaminista na farko, kuma saukarsa ta nuna inda iko ya koma: sarki na son sa, amma da majalisa ta juya masa baya sai ya ajiye aiki. Har yau haka abin yake tafiya. A watan Maris na 1979 gwamnatin James Callaghan ta faɗi a ƙuri'ar yanke ƙauna da bambancin ƙuri'a ɗaya tak, 311 da 310. A 1990 'yan jam'iyyar Margaret Thatcher ne da kansu suka sauke ta bayan shekara 11. A 2022 Liz Truss ba ta cika wata biyu ba, kasafin da gwamnatinta ta gabatar ya girgiza kasuwa, 'yan majalisarta suka janye mata.

Tsarin shugaba mai cikakken iko na Amurka kuwa zana shi aka yi da gangan. Bayan sun ɓalle daga Ingila a 1776, jihohi 13 suka fara da wata gwamnatin tsakiya marar shugaba, wadda ko haraji ba ta iya karɓa. Da suka ga ba za ta kai su ba, wakilansu suka taru a Filadelfiya a 1787. Tsoro biyu ne a zukatansu. Suna tsoron sabon sarki, suna kuma tsoron majalisar da ba mai taka mata birki, domin majalisar Ingila ce ta ɗora musu harajin da ya tunzura su. Sai suka ɗauki ra'ayin da masanin nan na Faransa, Montesquieu, ya bayyana a 1748, cewa a raba iko gida uku, masu doka da masu zartarwa da alƙalai, kowane ya riƙa tsare ɗan'uwansa. Shugaba na iya ƙin sa hannu a doka, majalisa na iya tsallake shi da kashi biyu cikin uku. Shugaba na naɗa ministoci da alƙalai, majalisar dattawa ke tantance su. Sun bar ƙofar tsigewa, amma sun ƙuntata ta ƙwarai: sai an tuhumi shugaba da babban laifi, sai kuma kashi biyu cikin uku na sanatoci sun same shi da shi. Gazawa ba ta cikin laifuffukan. Daga George Washington zuwa yau babu shugaban Amurka ko ɗaya da majalisar dattawa ta tsige. Richard Nixon ne kawai ya yi murabus a 1974 da ya ga abin na tafe.

Najeriya ta gaji tsarin Ingila kamar yadda kusan duk ƙasashen da Ingila ta raina suka gada. Tsarin mulkin 1954 ya mayar da ƙasar tarayya mai yankuna uku, kowane da firimiyarsa da majalisarsa. A 1957 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama firaminista na farko. Zaɓen Disamba 1959 shi ya shata yadda ƙasar za ta shiga 'yanci, kuma a alƙaluman wannan zaɓe ne ciwon yake. Kujerun majalisar wakilai 312 ne, 174 daga ciki na Arewa. Jam'iyyar NPC ta Arewa ta ci 134, NCNC mai ƙarfi a Gabas da ƙawarta NEPU suka sami 89, AG ta Yamma da ƙawayenta 73. Kowace babbar jam'iyya ta riƙe yankinta. Ma'ana, jam'iyyar da ta mamaye Arewa za ta iya kafa gwamnatin tarayya ba tare da ta ci kujera ɗaya a Kudu ba. A 1959 NPC ba ta kai ga rinjaye ita kaɗai ba, sai ta haɗa kai da NCNC, Nnamdi Azikiwe ya zama gwamna janar, daga baya shugaban ƙasa a 1963, Obafemi Awolowo ya zama jagoran adawa. Amma kowa ya ga lissafin, kuma shi ya sa ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963 ta zama abin mutuwa ko rai, domin da yawan kawuna ake raba kujeru, da kujeru ake kafa gwamnati.

Wani abin lura shi ne, shugaban jam'iyyar da ke mulki ba ya Legas. Sardauna Ahmadu Bello ya zaɓi zama firimiya a Kaduna, mataimakinsa a jam'iyya ne firaminista. Awolowo ya yi akasin haka, ya bar kujerar firimiyan yankin Yamma a Ibadan ga Samuel Ladoke Akintola ya tafi tarayya. Wannan rabon ne ya fashe a 1962.

Da Awolowo da Akintola suka ɓata, jam'iyyarsu ta AG ta nemi Akintola ya sauka ya ƙi. Sai 'yan majalisar yankin 66 suka sa hannu a takarda cewa ba sa tare da shi, gwamnan yankin, Ooni na Ife Adesoji Aderemi, ya dogara da takardar ya sauke shi ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Akintola ya ce ba a sauke firimiya da wasiƙa, sai da ƙuri'a a zaure. Ranar 25 ga Mayu majalisa ta zauna a Ibadan don tabbatar da Adegbenro. Ba a yi nisa ba wani ɗan majalisa ya haye tebur yana ihu, kujeru suka fara tashi sama, wani ya suri sandar majalisa ya kai wa kakaki duka, ya kuskure, sandar ta karye a kan tebur. 'Yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa. Aka sake zama a ranar, aka sake ɓarkewa. Bayan 'yan kwanaki gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin, ta ɗora Dakta Moses Majekodunmi kantoma, bayan kimanin wata bakwai kuma Akintola ya koma kujerarsa. A 1963 kotun ƙoli ta masarautar Ingila, wadda a lokacin ita ce matakin ƙarshe na ɗaukaka ƙara, ta ce Adegbenro ke da gaskiya. Majalisar yankin ta gyara tsarin mulkinta ta mayar da gyaran baya don ya shafe hukuncin. Hanyar da aka tanada don sauke shugaba cikin ruwan sanyi ita ce ta zama mafarin wutar da ta ci yankin Yamma har zuwa zaɓen 1965.

Rigima ta biyu a ƙololuwar gwamnati ta faru. Zaɓen tarayya na 30 ga Disamba 1964 ya zo cikin zargin maguɗi da hana 'yan adawa tsayawa takara, gamayyar UPGA, wadda ta haɗa NCNC da AG, ta ƙaurace masa a wurare da dama. Azikiwe ya ƙi gayyatar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati. Kwanaki ƙasar na zaune ba a san wa ke riƙe da ita ba, har tambaya ta taso: umarnin wa sojoji za su bi, shugaban ƙasa mai laƙabin babban kwamanda ko firaminista? Hafsoshi suka nemi fatawar masana doka, aka ce musu na firaminista. Manyan alƙalai suka shiga tsakani, ranar 4 ga Janairu 1965 Azikiwe ya haƙura. Shekara ɗaya da 'yan kwanaki bayan nan, ranar 15 ga Janairu 1966, sojoji suka kashe Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Akintola da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh, tare da manyan hafsoshi.

Masu kewar Jamhuriya ta Farko suna da hujja idan suka tuna gudun duniyar shugabanninta da ayyukan da yankuna suka yi da kuɗin gyaɗa da koko da manja. Sai dai a tambayi tsofaffin 'yan NEPU irin abin da suka gani a hannun 'yan doka da kotunan En'e. Zaman firimiya a cikin majalisa bai hana a ɗaure ɗan adawa ba. A ganina ba tsarin majalisa kaɗai ya rusa waccan jamhuriya ba, rashin daidaiton yankuna da rikicin ƙidaya da maguɗin zaɓe sun fi shi laifi. Amma abu biyu nasa ne tabbas: shugabanni biyu a sama waɗanda iyakar ikonsu ba ta fito fili ba, da kuma damar hawa mulkin ƙasa ba tare da neman yardar sauran sassanta ba.

Waɗannan biyun Janar Murtala Muhammad ya sa a gaba lokacin da ya ƙaddamar da kwamitin rubuta sabon tsarin mulki a watan Oktoba 1975. Mutum 50 aka naɗa, Awolowo ya ƙi shiga, saura 49 a ƙarƙashin lauya Rotimi Williams. Murtala bai ɓoye abin da gwamnatinsa ke so ba: shugaba mai cikakken iko wanda jama'a za su zaɓa kai tsaye, da jam'iyyu na ƙasa baki ɗaya. Kwamitin ya bi wannan hanya. Dakta Yusufu Bala Usman da Dakta Segun Osoba sun ƙi sa hannu a rahoton, suka rubuta nasu daban, suna ganin daftarin ya fi kare masu hannu da shuni. Majalisar da ta tattauna daftarin daga 1977 zuwa 1978 a ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma ta fi ɗaukar zafi a kan batun kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a matakin tarayya, har wakilai Musulmi suka fice na ɗan lokaci. Batun shugaba mai cikakken iko ya wuce ba tare da irin wannan hayaniya ba.

Abin da aka ƙara wa tsarin Amurka shi ne ya fi muhimmanci, kuma namu ne na kanmu. Ba ya isa ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, sai ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Jam'iyya ba za ta yi rajista da sunan ƙabila ko addini ko yanki ba, shugabanninta kuma sai sun fito daga sassan ƙasa. Kowace jiha sai an ba ta minista. A gwajin farko ma sai da ƙa'idar ta kai kotu. A 1979 jihohi 19 ne, Shehu Shagari ya cika sharaɗin a 12, a Kano ta Malam Aminu Kano ya tsaya a kashi 19.94 cikin ɗari. Awolowo ya ce kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce 12 ne da kashi biyu cikin uku na jiha ta 13, saboda haka abin da ake buƙata a Kano shi ne rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta. Kotun ƙoli ta karɓi wannan lissafi. An daɗe ana gardama a kan hukuncin, amma ƙa'idar ta yi aikin da aka kafa ta domin shi. Tun daga lokacin ba wanda ya zama shugaban Najeriya ta hanyar zaɓe da ƙuri'un yankinsa kaɗai. Muhammadu Buhari ya tara miliyoyin ƙuri'u a Arewa a 2003 da 2007 da 2011 bai kai ba, sai a 2015 da ya ƙulla ƙawance da Kudu maso Yamma.

Farashin da aka biya kuwa a Kaduna aka fara ganinsa. A 1979 Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya ci gwamnan tsohuwar jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina ta yau, alhali NPN, jam'iyyar Shagari, ce ke da kusan kashi biyu cikin uku na kujerun majalisar jihar. Jama'a ɗaya ne suka zaɓi ɓangarorin biyu, kowane na da hujjar cewa shi ke magana da yawunsu. Gwamna ya aika sunayen kwamishinoni, majalisa ta yi watsi da su. Ya sake aikawa, ta sake mayarwa. Ya ƙi saka 'yan NPN a gwamnatinsa, su kuma suka ƙi ba shi hanya. Haka ya yi mulki fiye da shekara ɗaya da rabi babu kwamishina ko ɗaya, har majalisar ta tsige shi a watan Yuni 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. A tsarin firaminista wannan cijewar ba za ta taso ba tun farko, domin mai rinjaye a majalisa ne zai kafa gwamnati. Sai dai a nan ma akwai abin dubawa: da a wancan tsarin ake, talakawan da suka tsallake jam'iyya suka zaɓi Balarabe saboda shi kansa ba za su taɓa samun wannan dama ba.

Gwamnonin da suka zo daga 1999 sun karanta darasin Kaduna, sai suka magance shi ta hanyar da ta kashe manufar tsarin gaba ɗaya. Maimakon su koyi zama da majalisa, sai suka mallake ta tun daga zaɓen fidda gwani. Gwamna ke cewa wane zai tsaya a kowace mazaɓa, shi ke nuna kakaki, kasafin biliyoyin naira ya shiga zaure ya fito cikin 'yan kwanaki. Ba banza ba mutane ke kiran majalisun jihohi 'yan amshin shata. Makamin tsigewa da aka tanada don tsare mai iko ya koma hannun mai ikon, ya fi sauka a kan mataimakan gwamnoni da kakakin da ya ɗaga kai. A Zamfara an tsige mataimakin gwamna Mahdi Aliyu Gusau a watan Fabrairu 2022 bayan ya ƙi bin gwamnan zuwa APC. Inda aka tsige gwamnoni kuwa, kamar Rashidi Ladoja a Oyo da Joshua Dariye a Filato da Peter Obi a Anambra a 2006, kotuna sun soke tsigewar saboda ba a bi ƙa'ida ba.

A tarayya ma an ga tsaurin wa'adin da ba ya lanƙwasuwa. Shugaba Umaru Musa 'Yar'Adua ya tafi jinya Saudiyya ranar 23 ga Nuwamba 2009 bai miƙa wa majalisa takardar da za ta ba mataimakinsa riƙo ba. Fiye da wata biyu ƙasa na rataye, sai ranar 9 ga Fabrairu 2010 majalisa ta dogara da hujjar larura ta ayyana Goodluck Jonathan muƙaddashi. Duk da haka ba zan ce majalisar tarayya ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba. Ranar 16 ga Mayu 2006 majalisar dattawa a ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da gyaran da zai ba Olusegun Obasanjo zango na uku. A tsarin firaminista babu ma iyakar zango da za a kare.

Akwai masu cewa a ɗauki tsaka-tsaki, a zaɓi shugaban ƙasa kai tsaye, a kuma sami firaminista mai dogaro da majalisa, irin tsarin da Charles de Gaulle ya kafa a Faransa a 1958, ya kuma ƙara masa zaɓen shugaba kai tsaye a 1962. Ba sai an je nesa ba don ganin yadda yake aiki, maƙwabtanmu sun gwada. Bayan taron ƙasa na 1991, Nijar ta ɗauki wannan tsari a kundin Disamba 1992. Mahamane Ousmane ya ci shugabanci a 1993, ya naɗa Mahamadou Issoufou firaminista. A watan Satumba 1994 Issoufou ya yi murabus, jam'iyyarsa ta koma ɓangaren adawa, gwamnati ta rasa rinjaye. Ousmane ya rushe majalisa, aka yi sabon zaɓe a Janairu 1995, 'yan adawa suka ci 43 daga kujeru 83. Dole ya karɓi Hama Amadou a matsayin firaminista. Sai aka shiga zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba. Kundin ya ce shugaban ƙasa ke jagorantar taron ministoci, firaminista ke tafiyar da gwamnati, bai fayyace abin da za a yi idan suka saɓa ba. Aka yi ta ja-in-ja a kan wa ke tsara ajandar taro da wa ke naɗa shugabannin ma'aikatu da kamfanonin gwamnati, har shugaban ƙasa ya riƙa ƙin kiran taron, firaminista ya riƙa zartar da naɗe-naɗe ba da shi ba. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da su duka biyun, ya kafa hujja da wannan cijewa. Faransa ta yi irin wannan zama sau uku tsakanin 1986 da 2002 ba a ji ƙarar bindiga ba. A Nijar ɗin ma tsarin ya taɓa nuna amfaninsa: a ƙarshen Mayu 2007 majalisa ta sauke gwamnatin Hama Amadou da ƙuri'ar yanke ƙauna, ya sauka, aka naɗa wani.

A watan Fabrairu 2024 'yan majalisar wakilai kimanin 60 daga jam'iyyu daban-daban suka gabatar da ƙudurorin mayar da Najeriya tsarin firaminista, suna hasashen a kammala sauyin zuwa 2031. Manyan hujjojinsu biyu ne: tsadar gwamnati, da tattara iko a hannun mutum ɗaya. Ta biyun gaskiya ce da ba mai musu. Ta farkon ce ban gamsu da ita ba. Gaskiya ne za a rage kuɗin zaɓen shugaban ƙasa da na gwamnoni, ministoci kuma za su fito daga cikin waɗanda ake riga ake biya. Amma alawus-alawus da jerin gwanon motoci da ɗaruruwan masu ba da shawara da kuɗin tsaro da ba a bin kadinsu, ba tsarin shugaban ƙasa ne ya wajabta su ba. Firaministan da kujerarsa ke rataye a kan yardar 'yan majalisa kullum ma ya fi kowa buƙatar muƙaman da zai raba don riƙe su.

Abin da ya fi damuna shi ne lissafin kujeru. Majalisar wakilai na da 360, ke nan mutum 181 ne za su naɗa firaminista, su ne kuma za su sauke shi. A ƙasar da ake sayen wakilai a zaɓen fidda gwani, kuma 'yan majalisa ke sauya sheƙa duk da sashe na 68 na kundin 1999 ya hana sai idan jam'iyya ta rabu, kuɗin da ake watsawa a kan miliyoyin masu zaɓe zai tattaru ne a kan mutum 181. Indiya, wadda ke tafiyar da tarayya mai tsarin firaminista tun 1950, sai da ta yi dokar hana sauya sheƙa a 1985 saboda yadda gwamnatocin jihohinta ke faɗuwa. Sannan jihohin Arewa 19 da Abuja suna da kujeru 191, Kudu na da 169. Arewa ta yau ba jam'iyya ɗaya ba ce, ba kuma murya ɗaya ba, amma tsoron da alƙaluman 1959 suka haifar zai dawo ranar da aka cire sharaɗin kashi ɗaya cikin huɗu. Mu 'yan Arewa da lissafin ya fi yi wa daɗi mu ya kamata mu fara faɗin haka, domin mun ga abin da wancan tsoro ya jawo wa ƙasar, da abin da ya jawo wa shugabanninmu.

Masu goyon bayan sauyin kan kawo misalin Afirka ta Kudu, inda majalisa ke zaɓen shugaban ƙasa, kuma aka sauke Thabo Mbeki a 2008 da Jacob Zuma a 2018 ba tare da soja ya fito ba. Misali ne mai kyau, sai dai a duba wa ya sauke su. Jam'iyyar ANC ce ta yanke hukunci a taron shugabanninta. Kafin nan Zuma ya tsallake ƙuri'un yanke ƙauna da dama a majalisa, domin jam'iyyar na bayansa. Tsarin firaminista yana tsayuwa ne a kan jam'iyyar da ta fi ƙarfin shugabanta, mai 'ya'ya masu biyan kuɗin ƙungiya da rassa masu zama su yanke shawara. Namu jam'iyyun kuwa mai riƙe da baitulmali ne ke ciyar da su.

Saboda haka ni ina ganin a bar wa talaka ƙuri'arsa ta zaɓen shugaba kai tsaye, a bar sharaɗin yaɗuwar ƙuri'u, a aro daga ɗaya tsarin abin da ya fi kyau a cikinsa, wato tilasta wa mai mulki ya tsaya ya amsa tambaya a bainar jama'a. Firaministan Ingila na yin haka duk Laraba idan majalisa na zama. Kenya, mai tsarin shugaban ƙasa irin namu, ta gyara ƙa'idojin majalisarta a 2023 don ministoci su riƙa zuwa zaure suna amsa tambayoyi. Ba abin da zai hana a wajabta wa ministoci da kwamishinoni haka a nan, a kuma watsa kai tsaye a rediyo cikin harsunan da mutane ke ji. Hanyar Ghana, inda kundin 1992 ya ce yawancin ministoci su fito daga majalisa, ba na ganin ta dace da mu, domin ɗan majalisar da ke jiran a kira shi minista ba zai matsa wa shugaba ba. Sai kuma a tabbatar da 'yancin kuɗin majalisun jihohi da gyaran 2018 ya tanada, a fitar da zaɓen fidda gwani daga gidan gwamnati.

Idan ma har za a gwada tsarin firimiya, a jihohi ya kamata a fara, inda matsalar rinjayen yanki ba ta taso ba kuma inda ikon mutum ɗaya ya fi yin ɓarna. Sai dai ko wannan ko wancan, sashe na 9 na kundin ya ce gyara ba zai tabbata ba sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya ya amince, wato wakilai 240 da sanatoci 73, sannan majalisun jihohi 24 daga cikin 36 su bi baya. Waɗannan majalisun su ne waɗanda gwamnoni ke riƙe da su, kuma ikon gwamnonin ne gyaran zai fara ragewa.